Kundi ɗaya tak ya bari: me ya hana Grace na Jeff Buckley tsufa?

Kawu Sani Zariya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya ina kakkaɓe kwabar littattafai sai na ci karo da wani tsohon kaset, takardar jikinsa ta yi ja, rubutun biro ya kusa gogewa. Grace ne, na Jeff Buckley. Wani abokin karatuna ya kwafa min shi a 1999. Rediyon da zan saka shi babu yanzu a gidan, sai na nemo waƙoƙin a waya, na sa iyafis, na kwanta. Minti hamsin da ɗaya da 'yan kai, waƙa goma, ban tsallake ko ɗaya ba. Da ta ƙarshe ta ƙare na daɗe kwance ban iya tashi na kashe fitila ba.

Ga wanda bai san shi ba: Ba'amurke ne, an haife shi a Kalifoniya a 1966. Kundin ya fito a watan Agustan 1994 daga kamfanin Columbia, kuma shi kaɗai ne ya kammala da hannunsa, don ya rasu a 1997 yana da shekara 30. Da ya fito bai yi kasuwa ba. A jerin Billboard na kundaye 200 da suka fi ciniki a Amurka, matsayi na 149 ne iyakarsa a lokacin. Yau kuma yaran da ba a ma haife su ba lokacin suna rera shi. Na saurari kiɗan rok da yawa na waɗancan shekarun, yawancinsu in na kunna yanzu sai na ji ƙamshin tsufa a jikinsu. Wannan ko kaɗan. Ina son jin ra'ayinku, mene ne sirrin?

Jamila Kd:
Wa alaikumus salam Kawu. Ai ni ce yaran da kake faɗa. A TikTok na fara jin wani guntun "Lover, You Should've Come Over", bai kai daƙiƙa talatin ba, na bi sawu har na samo cikakkiyar. Wallahi na ɗauka sabon mawaƙi ne. Sai da na nemi hotonsa na ga shekarar rasuwarsa, jikina ya yi sanyi.

Abba Ɗorayi:
Kawu, da girmanka, amma ni ina ganin amsar a fili take: mutuwa ce. Saurayi kyakkyawa, murya mai daɗi, ya shiga kogi bai fito ba. Ko a nan gida mun san halinmu, mutum yana raye ba mai waiwayarsa, ranar da ya faɗi kowa ya zama masoyinsa. Kai da bakinka ka ce na 149 ya tsaya. Ina masoyan suke a lokacin? A Amurka sai 2002 kundin ya kai cinikin kofi dubu ɗari biyar, shekara biyar bayan rasuwarsa. Da yana raye, ya yi kundi takwas, wasu masu kyau wasu marasa kyau, da yau ba mu zauna muna wannan zancen ba.

Kuma a cikin goman nan uku ba nasa ba ne. Wadda ta fi kowacce suna ma, "Hallelujah", ta Leonard Cohen ce. To ina baiwar rubutun da ake ta kururutawa?

Kawu Sani Zariya:
Abba, ban ce mutuwa ba ta ƙara masa suna ba. Ta ƙara. Amma mutuwa tana sa mutum ya kunna waƙa sau ɗaya ne don ya ji abin da ake faɗa. Ba ta sa ka koma mata sau ɗari. Jamila ga ta nan, sai da waƙar ta kama ta sannan ta san ya mutu.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa babu wanda ya kula yana raye. A 1995 Faransawa suka ba kundin babbar kyautar faifai ta Académie Charles Cros, ya yi wasa a zauren Olympia na birnin Faris, wurin da Edith Piaf ta yi suna. A Ostireliya ma ya karɓu sosai tun yana da rai. Mutanen ƙasarsa ne suka makara. Ka tuna lokacin: Kurt Cobain na ƙungiyar rok ta Nirvana ya mutu a Afrilun 1994, gidajen rediyo duk kiɗa mai gurnani da fushi suke so. Sai ga wani ya zo da siririyar murya kamar ta mace, yana rera tsohuwar waƙar cocin Ingila da waƙar da Nina Simone ta shahara da ita. Ba su san aljihun da za su saka shi ba.

Anti Binta:
Abba ƙanena, bari na ɗauki maganarka ta biyu, don a nan nake ganin ka zalunce shi. Shekara ashirin da wani abu ina koyar da Turanci, na san bambancin wanda ya karanta waƙar wani da wanda ya shiga cikinta ya zauna.

Cohen ya fitar da "Hallelujah" a 1984, da kaurin muryarsa da 'yan amshi a baya. Kamfanin Columbia ɗin nan dai, shi ne ya ƙi fitar da wancan kundin a Amurka. Waƙar ta kwanta shiru. A 1991 John Cale ya nemi baitocin daga wajen Cohen, aka turo masa shafi goma sha biyar, ya zaɓi waɗanda yake so ya rera da fiyano. Ta Cale ɗin ce Jeff ya ji, ya ɗauka. Abin da ya yi da ita, ku sa iyafis ku ji. Kafin jita ta fara, abu na farko da za ka ji numfashinsa ne, ya sauke ajiyar zuciya a bakin makirufo. Ba a goge ba, an bar shi. Daga nan kusan minti ɗaya jita kaɗai ke tafiya, kamar mai neman hanya a duhu, kafin ya buɗe baki. Babu ganga, babu amshi, kusan minti bakwai mutum ɗaya da jita ɗaya. Kusa da ƙarshe akwai inda ya riƙe sauti guda ya ja shi, ya ja shi, har kai mai sauraro sai ka ji naka numfashin yana neman ƙarewa.

Mu da muka tashi da Ɗan Maraya Jos bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Mutum ɗaya, kuntigi ɗan mitsitsi, ya cika fili. Wanda ba shi da inda zai ɓuya a bayan makaɗa, dole muryarsa ta ɗauki kayan duka.

A Disambar 2008 wata yarinya, Alexandra Burke, ta ci gasar X Factor a Ingila da wannan waƙar. Tata ta hau na ɗaya, masoyan Jeff suka yi ta sayen tasa har ta hau na biyu a mako guda, ta Cohen mai waƙar tana na 36. A 2014 ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya saka ta Jeff cikin rumbun sautukan da ƙasar ke adanawa. Ta Jeff fa, ba ta mai ita ba.

Abba Ɗorayi:
Anti, na yarda ya iya rerawa. Ban taɓa musun wannan ba. Rubutu nake tambaya.

Anti Binta:
To saurari "Dream Brother", ta ƙarshe. Abokinsa ya rubuta wa, wanda ke shirin guje wa budurwarsa tana da ciki. Yana roƙonsa kada ya yi wa yaron abin da aka yi masa shi. Ubansa Tim Buckley mawaƙi ne sananne, ya yi kundi tara, amma ya bar uwar tun kafin a haifi yaron. Jeff ya tashi da sunan Scott Moorhead, Moorhead ɗin sunan mijin uwarsa ne, wani bakanike. Yana da shekara takwas ya ɗan zauna da uban na 'yan kwanaki, bayan watanni kaɗan uban ya mutu sakamakon ƙwaya, a 1975, yana da shekara 28. Duk wannan yana cikin waƙar ba tare da ya ambaci sunan kowa ba. Ina da ɗalibai da yawa da uba ya tafi ya bar su. Ban taɓa jin waƙar nan ban tuno fuskokinsu ba.

Musa Injiniya:
Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gado ne kawai.

Kawu Sani Zariya:
Musa, muryar gado ce, wannan ba musu, duk wanda ya ji su biyun ya sani. Amma shi kansa bai son a jingina shi da uban. Shekaru ya yi yana ɗan kaɗa jita a bayan wasu a Los Anjeles, ba ya ma yarda ya yi waƙa a gaba. Sai a Afrilun 1991 aka shirya taron tunawa da Tim a wani coci a Brooklyn, aka gayyace shi, ya je don bai samu halartar jana'izar uban ba. A nan mutanen Niyok suka fara jin sa.

Abin da ya biyo baya shi ne nake ganin asalin sirrin. Akwai wani ɗan ƙaramin shagon shayi na 'yan Ayalan a unguwar East Village, sunansa Sin-é. Ba dandamali, ba komai, sai ya tsaya jikin bango da jitar aro, kowace Litinin, mutane na shan kofi, injin kofin na ƙara a bayansa. A nan ya yi ta rera waƙoƙin kowa: Nina Simone, Van Morrison, Bob Dylan, Piaf, Led Zeppelin. Almajiranci ya yi, na gaske, a gaban mutanen da in ka gundure su za su ci gaba da hirarsu. Har motocin manyan kamfanonin faifai suka fara yin layi a ƙofar shagon. Saboda haka da ya shiga situdiyon Bearsville a ƙarshen 1993, ya riga ya san yadda ake sa ɗaki ya yi tsit.

Isuhu Damagaram:
Salamu alaikum. Ni makaɗin jita ne, muna yin biki da suna a nan wajenmu, bari in sa baki ta ɓangaren hannu. Mutane suna maganar murya suna mantawa da cewa yaron nan makaɗi ne tun kafin ya zama mawaƙi, har makarantar kiɗa ya yi shekara guda a Hollywood.

Na zauna da "Last Goodbye" mako biyu ina neman ta a jita ban same ta ba. Ashe ba a ɗaurin da muka saba take ba, sai ka sassauta tsirkiya uku, yadda in ka shafa su duka ba ka danne komai ba za su ba da amo guda mai daɗi. Da na gane haka sai ta buɗe kamar ƙofa. Farkonta kuma da ƙarfe yake goga tsirkiyar, shi ya sa kake jin kamar kuka. Ga bes ɗin Mick Grondahl ya shigo da nasa zance, ba bin baya kawai yake ba.

Wani abin: ku lura da yadda sauti ke hawa da sauka. "Mojo Pin" tana farawa kamar raɗa, sai ka ƙara sautin waya, can gaba ganga ta faɗo maka a ka. Waƙoƙin yanzu an matse su, farko da ƙarshe ƙarfi ɗaya, don su yi ƙara a lasifikar waya. Kunne yana gajiya da su da wuri. Andy Wallace ne ya ɗauki wannan kundin, shi ne kuma ya haɗa sautin kundin Nevermind na Nirvana, ya san ƙara sarai, amma a nan ya bar wa shiru wurinsa. Kuma ba su cika shi da na'urorin da ake yayi a shekarar ba. Jita, bes, ganga, goge na Turawa nan da can. Abin da bai sa rigar yayi ba, yayi ba ya wucewa ya bar shi.

Jamila Kd:
Yaya Isuhu, mene ne abin da ke buɗe "Lover"? Kamar na finafinan Indiya.

Isuhu Damagaram:
Harmoniyom ne ƙanwata, akwatin nan da ake hura wa iska da hannu ɗaya ana danna shi da ɗayan. Kunnenki bai yi ƙarya ba.

Kawu Sani Zariya:
Madalla Jamila, kin taɓo inda nake son zuwa. Jeff ya kamu da son Nusrat Fateh Ali Khan, sarkin ƙawwali (waƙar begen Sufaye) na Pakistan, kamu ba na wasa ba. A Sin-é ɗin nan yakan rera ɗaya daga waƙoƙin Nusrat da Urdu. Akwai rikodin ɗin, za ka ji Turawan suna dariya da ya fara, suna zaton barkwanci ne, kafin ya yi nisa sun koma tafi. Daga baya ya zauna da Nusrat ya yi hira da shi, mujallar Interview ta buga a Janairun 1996. A 1995 kuma, a wani bikin waƙoƙin ibada a Faransa, ya hau dandamali tare da Alim Qasimov na Azarbaijan suka yi waƙa tare.

Ni ina ganin shi ya sa muryarsa ba ta yi min baƙunta ba tun ranar farko. Yadda yake ɗaukar harafi ɗaya ya lanƙwasa shi, ya hau da shi, ya karkaɗa, ya sauko, kunnen da ya saba da masu bege ya san wannan hanyar. Ƙarshen waƙar "Grace" ku ji yadda yake maimaita jimla ɗaya yana ƙara hawa har kamar zai fita hayyacinsa. Wannan ba daga rok ya samo ba. Nusrat ma ya rasu a Agustan 1997, ko wata uku ba a yi ba tsakaninsu.

Malam Auwalu:
Ina bin ku tun ɗazu. Ba zan buɗe babin hukuncin kiɗa ba, shugaban zaure ya riga ya ce ba nan ne wurinsa ba. Amma amana ce in faɗi abu ɗaya, musamman don ƙannenmu irin su Jamila. Waƙar da Anti Binta ta yaba, baitocinta na farko labarin Annabi Dawud ne, alaihis salam, yadda ya zo a Baibul, da wani abu da aka jingina masa wanda mu Musulmi ba mu yarda da shi ba game da annabi. Cohen Bayahude ne, daga littafinsu ya ɗauko. Mutum ya san abin da yake rerawa kafin ya ɗora a bakinsa. Kuma kwatanta shi da masu bege, Kawu, a yi hattara. Su abin da suke nufi daban.

Kawu Sani Zariya:
Gaskiya ka faɗa Malam, na karɓi gyara. Salon jan murya nake nufi, ba abin da ake nufa da ita ba.

Anti Binta:
Na gode Malam, ya kamata a ce ni na fara faɗa. Ni kaina ba na rera waɗancan baitocin, kuma ba na saka ta a aji. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tsallake ta, da ta cocin, saura takwas suna nan.

Abba Ɗorayi:
Na je na saurara, tun daga farko. Zan faɗi abin da na ji ba tare da ƙari ba. "Eternal Life" ba ta burge ni ba, ƙara ce irin ta kowa a shekarun, a nan kam na ji tsufan da Kawu ya ce babu. Ta cocin ma ban ga abin da ta zo yi ba. Wani lokaci kuma yana wuce gona da iri da muryar, kamar yana son ka san ya iya. Amma "So Real" ta tsaya min a rai, inda komai ke ɗaukewa ya yi magana a hankali, sai jitar ta barke kamar injin niƙa. Sau uku na maimaita.

Duk da haka ban janye ba. Ku dubi yadda ake ba da labarin rasuwarsa kamar tatsuniya, ana tono baitocin da ya ambaci ruwa ana cewa ya hango.

Kawu Sani Zariya:
A kan "Eternal Life" ba zan yi maka gardama sosai ba. Ita ma "So Real" da ka so, a ƙurarren lokaci aka saka ta, ya rubuta ta da Michael Tighe, ya cire wata mai suna "Forget Her" wadda kamfanin ke ganin ita ce za ta yi kasuwa. Sai a 2004 aka fitar da waccan. Ka ga irin mutumin: ya cire mai kawo kuɗi ya saka mai wuyar sha'ani.

Batun hangen mutuwa kuwa, ni ma ba na son sa. Babu wanda ya san gaibu. Abin da ya faru a fili yake. Ya koma Memfis yana shirin kundi na biyu. Ranar 29 ga Mayun 1997 da yamma, makaɗansa suna cikin jirgi suna tahowa daga Niyok don a fara ɗauka, shi da wani ma'aikacinsu suka tsaya a bakin Wolf River, wani reshen ruwa da ke haɗe da Misisipi. Ya shiga da kayansa har da takalmi, yana rera waƙar Led Zeppelin. Jirgin ruwa ya wuce, abokin ya juya ya janye rediyo da jita daga igiyar ruwan, da ya waiwayo babu shi. Ranar 4 ga Yuni aka ga gawar. Binciken likita bai samu giya ko ƙwaya a jikinsa ba. Hatsari ne, kwana ya ƙare.

Abin da ke ci min rai ba tatsuniyar ba ce. Waƙoƙin da ya bari rabi da rabi, mahaifiyarsa Mary Guibert ta sa aka fitar a 1998, ta hana a yi musu kwalliya. In ka ji su za ka gane ya riga ya fara gudun salon Grace ɗin, yana neman wani abu mai kaushi. Shi bai ɗauke shi a matsayin ƙololuwa ba, matakin farko ne a wajensa.

Jamila Kd:
Kawu, akwai fim ɗin tarihin rayuwarsa da Amy Berg ta yi, ya fito a 2025, mahaifiyar tana ciki. Akwai inda aka saka saƙon murya da ya bar mata a waya. Ban iya ƙarasa wurin a zama ɗaya ba.

Isuhu Damagaram:
Abba, tunda "So Real" ta kama ka, ka koma kan "Lilac Wine" da dare, bayan gari ya yi shiru. Ka saurari mai ganga, Matt Johnson, da ƙyar yake taɓa fatar. Yaran da nake koya wa kiɗa ita nake fara kunna musu, don su ji cewa riƙe hannu ma aiki ne.

Abba Ɗorayi:
Zan saurara in an kawo wuta, cajina saura kashi shida. Kawu, kafin nan a turo min sunan waƙar Nusrat ɗin da ya rera a shagon shayin. Ta Nusrat ɗin kansa nake son fara ji, sannan tasa.